Yaushe Ake Daina Tambayar Masana? Dabarar Delfi da Ma'aunan Ƙididdiga

Gabatarwa

A watan Mayu na shekarar 2016 Gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir, bayan da wata 'yar tsutsa ta afka wa gonaki ta cinye amfanin da manoma suka yi watanni suna wahala a kansa. Sunan ƙwaron a kimiyyance Tuta absoluta, manoma kuwa suna kiransa sharon. Asalinsa daga Kudancin Amurka ne, ya ɓulla a ƙasar Sifen a 2006, daga nan ya bazu zuwa Afirka. Arewacin jihar, inda ƙananan hukumomin Ikara da Makarfi da Kudan suke, yanki ne da dubban magidanta suka dogara da tumatirin rani, saboda haka asarar ta shiga gida-gida. A wannan shekara ce kuma masana'antar sarrafa tumatir ta Dangote da ke Kadawa a Jihar Kano ta dakatar da aiki saboda rashin tumatir.

Idan irin wannan annoba ta zo, hukuma ba ta da lokacin jiran sakamakon gwajin gona na shekara uku ko huɗu. Dole ta nemi shawarar waɗanda suka san al'amarin: masu bincike na Cibiyar Binciken Aikin Gona da ke Samaru a Jami'ar Ahmadu Bello, da malaman gona, da manoman da suka daɗe a fadama, da dillalan kwando. Hausawa sun ce shawara ɗaukar ɗaki. To amma idan an tambayi mutum ashirin aka sami amsa iri goma, aka sake tambaya aka sami iri biyar, sau nawa za a sake kafin a ce ya isa? Wannan tambaya ita ce abin da wannan maƙala ta sa a gaba, tare da bayanin ma'aunan da ilimin ƙididdiga ya tanadar domin amsa ta.

Asalin dabarar

Hanyar tattara ra'ayin masana zagaye bayan zagaye ana kiranta dabarar Delfi. An samo sunan ne daga wani gari na tsohuwar ƙasar Girka inda mutanen da suke zuwa neman labarin abin da zai faru. An ƙirƙiro ta a cibiyar bincike ta RAND da ke Kalifoniya a Amurka cikin shekarun 1950, kuma Norman Dalkey da Olaf Helmer suka bayyana ta ga duniya a 1963. Gwajinsu na farko na soja ne. Sun tambayi ƙwararru bakwai, kowa shi kaɗai, yawan bama-baman nukiliya da Tarayyar Sobiyat za ta buƙata domin durƙusar da masana'antun makaman Amurka. A amsoshin farko, adadi mafi girma ya ninka mafi ƙanƙanta sau ɗari. Da aka yi ta maimaita tambayar ana nuna wa kowa bayanan da suka fito daga sauran, tazarar ta ragu zuwa kimanin ninki uku. Daga baya dabarar ta fita daga hannun soja ta shiga fannin lafiya da ilimi da aikin gona. Ƙasar Japan ta soma amfani da ita a 1971 wajen hasashen ci gaban fasaha, kuma ta riƙa maimaitawa kusan kowace shekara biyar.

Dabarar tana da ginshiƙai huɗu. Na farko, masu amsawa ba su san wanda ya faɗi kaza ba. Na biyu, ana maimaita tambayar. Na uku, bayan kowane zagaye mai gudanar da binciken yana mayar wa kowa taƙaitaccen abin da jama'a suka ce, tare da dalilan waɗanda suka saɓa. Na huɗu, ana bayyana matsayar ƙungiyar da alƙaluma.

Duk wanda ya taɓa halartar taron manoma a Hunƙuyi ko a Makarfi zai gane amfanin ginshiƙi na farko. Idan sarkin noma ya yi magana, ko wani shehun malami daga Samaru ya ba da ra'ayi, da wuya matashin malamin gona ya miƙe ya ce ba haka ba ne, ko da kuwa shi ne ya kwana a gonar ya ga abin da idonsa. Kunya da girmama na gaba kyawawan ɗabi'u ne, amma sukan rufe bakin mai gaskiya a wurin taro. Takardar tambayoyi marar suna tana ba ƙarami damar faɗin abin da ya sani, tana kuma ba babba damar sauya ra'ayi ba tare da jin nauyi ba.

Haɗarin tsayawa da wuri da haɗarin daɗewa

Kowane zagaye yana cin lokaci da kuɗi. Sai an raba takardu, an bi sawun waɗanda ba su amsa ba, an yi lissafi, an sake rabawa. Noman rani kuwa ba ya jiran kowa. Ana yafa irin tumatir bayan ɗaukewar ruwan sama, a yi dashe cikin sanyin hunturu, ƙwaron kuma ya fi ƙarfi idan zafi ya shigo wajen Maris zuwa Mayu. Macen tana iya yin ƙwai fiye da ɗari biyu, kuma cikin zafi kimanin wata ɗaya ya isa ƙwai ya zama babban ƙwaro. Shawarar da ta iso bayan an gama dashe ta rasa rabin amfaninta.

Idan aka tsaya da wuri, ana iya ɗaukar ra'ayin da bai nuna ba, wato amsar da masu ita za su sauya da sun ji hujjar abokan aikinsu. Idan kuma aka ja abin da tsawo, matsala biyu sukan taso. Ta farko gajiya: mutane sukan daina mayar da takarda, kuma sau da yawa masu ra'ayin da ya saɓa wa rinjaye su ne ke fara janyewa. A ɗauka an fara da mutum 20, 12 na goyon bayan wani mataki, 8 na adawa, wato kashi 60 cikin ɗari. Idan shida daga cikin masu adawa suka gaji suka bari, sai a ga 12 cikin 14, kusan kashi 86 cikin ɗari, alhali babu mutum ɗaya da ya sauya ra'ayi. Matsala ta biyu ita ce bin yarima a sha kiɗa. Gwaje-gwajen da Solomon Asch ya yi a Amurka a shekarun 1950 sun nuna cewa mutane da yawa sukan bi amsar jama'a ko da idonsu yana nuna musu kuskure ce. Mai amsawa da aka nuna masa sau huɗu cewa shi kaɗai ne a gefe, yana iya miƙa wuya domin a huta.

Tsayuwar amsa da haɗuwar ra'ayi

Akwai abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa. Haɗuwar ra'ayi ita ce kusancin amsoshin masana da juna a cikin zagaye ɗaya. Tsayuwar amsa kuwa ita ce rashin sauyi tsakanin zagaye biyu masu bin juna. A 1979 Dajani da Sincoff da Talley suka nuna cewa tsayuwar amsa ita ce ya kamata a fara dubawa. Hujjarsu mai sauƙi ce: muddin amsoshi suna motsi, duk abin da aka auna yau yana iya rushewa a zagaye na gaba. Sai ruwan da aka gurɓata ya kwanta ake ganin abin da ke ƙasan kwarya. Idan amsoshi sun tsaya, sa'an nan a duba ko sun tsaya a wuri ɗaya ne, ko sun rabu gida biyu, ko sun watsu. Kowanne daga cikin ukun nan sakamako ne da ya cancanci a rubuta shi.

Ma'auni na farko: kashi 15 cikin ɗari

Mafi sauƙin ma'aunan shi ne wanda Scheibe da Skutsch da Schofer suka kawo a 1975. Alƙaluman da ke tafe misali ne kawai domin a ga yadda lissafin yake. A ɗauka an tambayi masana 20 muhimmancin tattara ragowar tumatir a ƙone bayan girbi, kowa ya ba da maki daga 1 zuwa 5. A zagaye na biyu, mutum 2 suka ba da maki ɗaya, 3 maki biyu, 5 maki uku, 6 maki huɗu, 4 maki biyar. A zagaye na uku jerin ya koma 1, 1, 4, 9, 5. Bambancin kowane gurbi shi ne 1, 2, 1, 3, 1, jimla 8. Ana raba wannan jimla biyu, domin duk mutumin da ya ƙaura ya rage gurbi ɗaya ya ƙara wani. An sami 4, kuma 4 cikin 20 kashi 20 ne cikin ɗari. Tun da ya haura 15, amsoshi ba su tsaya ba, sai a sake zagaye. A zagaye na huɗu jerin ya zama 1, 1, 3, 10, 5. Jimlar bambanci 2, rabinta 1, wato kashi 5 cikin ɗari. Yanzu amsa ta tsaya. Sai a koma ga tambaya ta biyu: mutum 15 cikin 20 sun ba da maki huɗu ko biyar, kashi 75 cikin ɗari ke nan. An sami tsayuwa, an kuma sami rinjaye mai ƙarfi, saboda haka a cire wannan batu daga takardar zagaye na gaba.

Wannan ma'auni yana da rauni guda. Yana kallon jimla ne, ba ya kallon mutum. Idan mutum biyar suka tashi daga goyon baya zuwa adawa, wasu biyar kuma suka yi akasin haka, jimla ba za ta motsa ba, alhali rabin ƙungiyar na kai-kawo. Chaffin da Talley sun ja hankali a kan haka a 1980, suka ba da shawarar a riƙa gwada amsar kowane mutum da tasa ta baya. Domin haka ne mai gudanarwa yake ba kowane mai amsawa lamba ta sirri da shi kaɗai ya sani.

Ma'auni na biyu: warwatsuwar amsoshi

Idan amsar da ake nema adadi ce, alal misali kashi nawa cikin ɗari na amfanin gona ake jin za a yi asara idan ba a ɗauki mataki ba, ana duba yadda amsoshin suka watsu a kewayen matsakaicinsu. Ilimin ƙididdiga yana da adadi guda da ke nuna nisan da amsoshi suka saba yi daga matsakaici. Idan aka raba wannan adadi da matsakaicin, sai a sami ma'aunin warwatsuwa. A ce matsakaicin amsoshi 40 ne, nisan kuma 24, ma'aunin ya zama 0.6. A zagaye na gaba nisan ya sauko 16, ma'aunin 0.4. A na uku matsakaici 42, nisa 15, ma'aunin 0.36. English da Kernan a 1976 sun ɗauki 0.5 ko ƙasa da haka a matsayin kyakkyawar haɗuwar ra'ayi, tsakanin 0.5 da 0.8 mai yiwuwa a buƙaci wani zagaye, sama da 0.8 kuwa lallai a sake. A misalin nan, saukowa daga 0.6 zuwa 0.4 babban motsi ne, amma daga 0.4 zuwa 0.36 kaɗan ne. Zagaye na huɗu ba zai biya wahalarsa ba.

Sai dai mutum ɗaya da ya ba da adadi mai nisa ƙwarai yana iya jan matsakaici zuwa gefensa. Saboda haka masu bincike da yawa sun fi son a jera amsoshi daga ƙarami zuwa babba, a ɗauki ta tsakiya, sa'an nan a auna faɗin rabin amsoshin da ke tsakiyar jerin. A ma'aunin maki 1 zuwa 5, idan faɗin nan bai wuce maki ɗaya ba, akan ce ra'ayi ya haɗu.

Ma'auni na uku: jeranta abubuwa

Sau da yawa abin da hukuma ke so shi ne a gaya mata wanne za ta fara kashe wa kuɗi. A nan ana roƙon masana su jera matakai daga mafi muhimmanci zuwa na ƙarshe. Ma'aunin da ya dace da wannan shi ne wanda Maurice Kendall da Babington Smith suka fitar a Ingila a 1939, ana yi masa alama da harafin W. Yana tashi daga sifili, inda babu jituwa ko kaɗan, zuwa ɗaya, inda kowa ya jera iri ɗaya.

A ɗauka masana biyar za su jera matakai huɗu na yaƙi da sharon: tsabtace gona bayan girbi, kafa tarkon ƙamshi mai jawo mazan ƙwaron, sauya abin da ake shukawa a fili, da feshin magani. Ana tara matsayin da kowane mataki ya samu. Jimlar duka 50 ce, matsakaici 12.5. Da dukkansu za su jera iri ɗaya, da jimlolin sun zama 5, 10, 15, 20. Ana ɗebe 12.5 daga kowace jimla, a ninka abin da ya rage da kansa, a tara. A cikakkiyar jituwa ana samun 125, kuma da wannan adadi ake raba abin da aka samu a kowane zagaye.

A zagaye na farko jimlolin 10, 12, 13, 15 ne. Lissafi ya ba da 13, W ya zama 0.10. A na biyu 7, 11, 14, 18, lissafi 65, W 0.52. A na uku 6, 10, 16, 18, lissafi 91, W 0.73. A na huɗu 6, 10, 15, 19, lissafi 97, W 0.78. Roy Schmidt a 1997 ya ba da jagora cewa 0.1 jituwa ce mai rauni ƙwarai, 0.3 mai rauni, 0.5 matsakaiciya, 0.7 mai ƙarfi, 0.9 kuwa ba a cika samunta ba. Ya kuma nuna dalilai na tsayawa: idan W ya kai matakin ƙarfi, ko kuma idan ya daina hawa. Bisa wannan, zagaye na uku ya wadatar. Na huɗu ya ƙara 0.05 kawai, kuma jerin matakan bai sauya ba. Makonnin da aka kashe a kansa da an yi amfani da su wajen isar da saƙo ga manoma.

Akwai kuma gwaje-gwaje masu zurfi, kamar gwajin kai-sukwaya na Karl Pearson, waɗanda ke tantance ko bambancin zagaye biyu na gaske ne ko na dace. Amma suna buƙatar mutane da yawa. Da masana goma ko sha biyar, gwajin yakan kasa gano sauyin da yake akwai, sai mai bincike ya zaci amsa ta tsaya alhali gwajin ne ba shi da ƙarfi.

Idan masana suka rabu gida biyu

A ce an tambayi masana 20 ko feshin magani kowane mako yana da amfani. Goma suka ba da maki ɗaya, goma suka ba da biyar, kuma zagaye uku a jere babu wanda ya gusa. Matsakaici zai nuna 3, makin da babu mutum ɗaya da ya zaɓa. Wanda ya rubuta a rahoto cewa masana na tsaka-tsaki ya yi wa gaskiya karan tsaye. Wanda kuma ya ci gaba da zagaye har ɓangare ɗaya ya gaji ya samar da jituwar ƙarya.

Abin yi shi ne a tsaya, a binciki su wane ne ke kowane ɓangare da dalilansu. Mai yiwuwa masu bincike suna duban yadda tsutsar ke ɓuya a cikin ganye inda magani ba ya isa sosai, da yadda ƙwaron ke saurin sabawa da maganin da aka yawaita, manoma kuwa suna duban abin da ya ceci gonarsu bara. Mai yiwuwa kuma masu dashe da wuri da masu dashen ƙarshen rani ba matsala ɗaya suke fuskanta ba. Irin wannan saɓani yana nuna wa cibiyar bincike daidai inda ya kamata ta kafa filin gwaji. Tambaya ta kai iyakarta a nan, sauran aikin na gona ne.

Tun ran gini tun ran zane

A 2014 Ivan Diamond da abokan aikinsa suka duba rahotannin bincike 100 da aka yi da dabarar Delfi. Sun tarar cewa 72 ne kawai suka bayyana abin da suke nufi da haɗuwar ra'ayi. A cikin waɗanda suka yi amfani da kashi cikin ɗari, adadin tsakiya shi ne 75. Bincike 70 sun tsaya ne domin yawan zagayen da aka ƙayyade ya cika, 23 kaɗai suka danganta tsayawarsu da cimma matsaya. Wannan ya nuna cewa ko a ƙasashen da suka daɗe da dabarar, ba kowa ne ke kiyaye ƙa'idar ba.

Duk adadin da aka ambata a sama, 15 ko 0.5 ko 0.7 ko 75, yarjejeniya ce ta masu bincike, kuma ana iya ɗaga shi ko sauke shi gwargwadon nauyin abin da ake yanke wa hukunci. Shawarar da za ta sa manomi ya ci bashi domin sayen kaya tana buƙatar ma'auni mai tsanani fiye da shawarar ranar taro. Sharaɗin shi ne a rubuta ƙa'idar kafin a raba takardar farko. Mai binciken da ya jira sai ya ga amsoshi sa'an nan ya zaɓi ma'auni, zai iya samun wanda zai ba shi sakamakon da yake so. Abin da za a rubuta tun farko ya ƙunshi ma'aunin tsayuwar amsa, da ma'aunin haɗuwar ra'ayi, da iyakar zagaye, wanda galibi uku ne ko huɗu, da kuma mafi ƙarancin masu amsawa da za a amince da shi. A rahoto kuma a faɗi mutum nawa suka fara, nawa suka kai ƙarshe, da ra'ayin waɗanda suka janye kafin janyewarsu.

Kammalawa

Ma'aunan ƙididdiga suna gaya wa mai bincike cewa masana sun daina sauya amsa, da kuma gwargwadon kusancinsu. Ba sa tabbatar da cewa amsar daidai ce. Idan ba a saka matan da ke yanka tumatir suna shanyawa ba, ko dillalan da suka san hawa da saukar farashin kwando, W na 0.9 ba zai cike gurbin iliminsu ba. Zaɓen masu amsawa shi ne tushe, lissafi yana biye.

Ga jami'in gona a Ikara, ko ɗalibin da ke rubuta kundi a kan rake da mazarƙwaila a Makarfi, ko mai tsara shirin rani a Kudan, tsarin bai fi ƙarfin takarda da biro ba. Ya rubuta ƙa'idarsa tun farko, ya gwada kowane zagaye da wanda ya gabace shi, ya tsaya idan amsoshi sun daina motsi, sa'an nan ya kai rahoton abin da ya samu, jituwa ce ko saɓani, tun manoma ba su gama dashe ba.